Ƙarfin Awa Guda

Daren Alhamis a Tampere,
gidan Raija, hawa na huɗu, babu lif.
Dusar ƙanƙara ta toshe rabin taga.
Mu biyar a tebur, taswira a tsakiya,
gindin kofin gahawa ya zana tsibiri a tekunta.

Ni ke jan labari, don haka ni ce alƙaliya.

Ilmari ya ce jaruminsa zai koyi saran babban gatari.
Littafin dokoki ya ce sai mai ƙarfi sha uku.
Takardarsa ta ce sha ɗaya,
da fensir, an goge, an sake rubutawa.
"Ai ya sha tsimin bokanya," in ji shi,
"biyu sun ƙaru. Sha ɗaya da biyu, ku lissafa."

Oskari akanta ne, lissafi ba ya ba shi tsoro.
Ya ce tsimin na awa guda ne,
zanen aro kuwa ba ya rufe katara.
In ƙarfin ya zube, a kan me saran zai tsaya?
Wa ke aza jinka a kan hayaƙi?

Tuulikki ta yi ta juya shafi.
Na ɗari da sha biyu ya ce "mai ƙarfi",
bai ce nasa ba, bai ce na aro ba.
Dayis mai fuska ashirin yana gefe,
duk bakunansa babu mai amsar wannan.

Gahawa ta huce. Murya ta hau murya.

Sai na ga Ilmari ya saci kallon agogo.
Na san wannan kallon.
Shekararsa saba'in da ɗaya.
Ƙarfe shida yake haɗiyar ƙwayar gwiwa,
ta ba shi awa huɗu,
da su yake hawo matakala sittin da takwas
ya zauna a kujerar nan ya zama jarumi.
Bai taɓa faɗa ba. Ni ma ban faɗa ba.

Na rufe littafin, na ce:
muddin tsimin na jikinsa, gatarin nasa ne.
In ya sake shi, ya rataye gatari a bango.
Abin da hannu ya koya ba ya gudu,
barci yake, har ƙarfi ya dawo.

Oskari ya yi tsaki,
amma ya rubuta hukuncin a gefen shafi, da kwanan wata.

Ilmari ya hura wa dayis iska, ya jefa.
Uku.
Gatarin ya wuce dodo ya sari tukunyar miya.
Raija ta yi dariya har ta ƙware.

Goma da kwata muka tashi.
Ya kama ƙarfen matakala da hannu biyu,
ƙafa ɗaya, sannan ɗayar ta same ta.
Oskari na gabansa riƙe da jakarsa,
yana sauka da baya-baya,
har yanzu yana cewa hukuncin bai yi ba.