Rigar Kyaftin Zalɓe

Ni na ɗinka rigar.
Don haka in za a yi zancen fim ɗin da ba a yi ba,
a bari in fara.

Yahuza ɗan yayata ne, kurma tun ran suna.
Abin da baki ya hana shi, biro ya biya shi.
Yakan ja layi da gefen kwalin sukari,
ya yanka shafi gida shida, kamar gonar gado,
kowane gida da rigimar da ke cikinsa.

A nan Kyaftin Zalɓe ya tashi:
dogo, ƙafa kamar gora,
hoton ƙugiya a ƙirji, da jan biron malamin lissafi.
Ba ya ɗaga mota. Mota nawa ke zuwa mana?
Kacalla yake tumɓukewa da hannu ɗaya
ya buɗe wa kwalekwale hanya har Guri.
In jan-baki suka taso kamar hayaƙin gobara
sai ya ware fiffike,
shinkafa ta kwana da idonta.

Abin da ke ɗaure min kai har gobe:
TIM! ƘWAS! TSUNDUM!
da manyan baƙaƙe a kan kowane naushi.
Yaron da bai taɓa jin tsawa ba,
wa ya gaya masa yadda ƙato ke faɗawa ruwa?

Wata ran kasuwa tayar wani baƙo ta sace.
Bandar kifi ya zo saye.
Yana jiran mai faci a inuwar shagona
ya ga littafin a kan keke.
Sagiru, in ji shi, darakta, tabarau a goshi.
Ya buɗa, ya buɗa, shayinsa ya huce.
Ya haɗa yatsu huɗu ya leƙa garinmu ta tsakiya
kamar bai taɓa ganin jaki ba.
Ya ce za a rataye jarumi da igiya,
kwamfuta ta lashe igiyar.
Ya ce bayan girbi.
Littafi bakwai ne, ya tafi da uku,
ya bar kati da dubu biyu kafin alƙalami.

Na auna Ɗan'azumi mai fito, don shi ne dogonmu.
Yadi ruwan toka, fiffike na buhun taki,
kwana tara, allura huɗu suka karye.
Ɗan'azumi ya daina cin tuwon dare
wai kada igiya ta tsinke.
Yara na ganinsa a bakin ruwa
yana koyon tsayuwa da ƙafa ɗaya.

Girbi ya zo, ya wuce. Wani ya bi bayansa.
Lambar ta ce a kashe take.
Daga baya wata mata ta ɗauka
ta ce nan shagon gwanjo ne, malam, ka daina kira.
Ɗan'azumi ya yi aure, ya yi tumbi.
Yahuza ya sake zana ukun nan daga ka,
sai dai yanzu cikin mugaye
akwai wani mai tabarau a goshi.

Bana tsuntsaye suka sauko mana ba sallama.
Yayata ba ta tambayi kowa ba,
ta ciro rigar daga ƙasan akwati,
ta zura mata sanda biyu,
ta kafa ta a tsakiyar fadama.

Da la'asar iska ta shiga buhunan.
Wallahi sai da fiffiken ya buɗe.
Rabin garken ya watse sama,
saura suka ci abin da za su ci,
ɗaya ma a kafaɗar Kyaftin ya huta.

Yahuza na kan kunya, littafi a cinya.
Ya gama zanen, ya bar fili a sama,
ya juyo ya taɓa kunnena,
ya nuna rigar: me take cewa?

Na rasa baƙin da zan rubuta.
Sai na ɗora tafina a bayansa
ina bugawa, a hankali, da sauri, a hankali,
yadda buhu ke yi da iska.

Ya ɗan yi shiru irin nasa.
Ya sunkuya ya rubuta.