Mai Ja Ta Koma Mai Turi

Nomau ya kawo ta ranar Laraba,
farar Sitalet, cikinta duk ƙanshin aya.
Ya ce, "Tsahiru, in na ɗora buhu shida daga Cadawa
baya ya zauna, hanci ya ɗaga,
ƙafafun gaba sai tonon rairayi kamar kaza.
Mai da mini ƙarfinta baya."

Na ce, sayar da ita ka nemi fijo.
Ya dafa kujerar gefen direba, ya daɗe.
A nan tsohonsa ya zauna, tafiyar ƙarshe zuwa asibiti.
Ban ƙara ba.

Injinta a gicciye yake kwance.
Muka ciro shi da sarƙa a reshen dogon yaro,
muka juya shi ya dubi gabas, bai shiga ba.
Na yanke ƙirjinta.
Na tsaga cikinta tun daga giya har wutsiya
don furofela ta sami hanya.
Tankin mai ya ce ina zan zauna?
Muka kai shi but, inda buhu ɗaya ke zama,
shida ta koma biyar tun ba a tashi ba.

Aksul na baya daga gawar wata fijo a Bagalam,
jika arba'in, bayan rantsuwa uku.
Ya fi ta faɗi da taƙi guda.
Mai walda ya ci kwana tara,
wuta ta ɗauke a shida daga ciki.

Wata huɗu.
Ciyawa ta tsiro a ƙarƙashinta,
kyanwa ta haihu a mazaunin baya.
Nomau kan zo da la'asar da shayinsa,
ba ya tambaya, kallo kawai.

Ranar gwaji duk garejin ya taru.
Na sa lamba ɗaya, na saki kuloci a hankali,
sai ta yi baya
ta bi ta kan teburin Inna Hurera mai ƙosai.
Aksul na kifa, ni da hannuna:
giya biyar na baya, ɗaya tak ta gaba.

Nomau ya yi dariya har ya zauna a ƙasa.
Tun rasuwar tsoho ban ga haƙoransa ba.

Mun juya shi a kwana biyu. Na biya ƙosai.

Jiya na hange ta a gangaren Gulbi,
buhu biyar, tana tura kanta cikin yashi,
wutsiya na ɗan rawa a kwana.
Har yanzu tana kuka in ta wuce sittin.
Ban san daga ina ba.