Lahadin Tukwane

Ranar Lahadi ba ni zuwa biki,
ba ni zuwa suna, ba ni gaisuwa.
Da asuba nake sauka Kejetiya,
sidi ɗari huɗu ƙulle a bakin zane,
in tsaya gaban mai tumatir mu yi ta ja
har ta ce, "Memuna, ɗauki kwandon,
masu laushin nan ma gyara ne."
Ba ta san masu laushin nake so ba,
su ne ba sa wuyar narkewa.

Murhu uku a tsakar gidanmu na Aboabo.
Ga miyar gyaɗa da ƙashin saniya,
ga jar miya tana tsalle tana ƙona mini hannu,
ga wake da shinkafa sun sha karan dafi.
Shito kuwa sarkin nawa ne,
sai la'asar ta yi ina juyawa.

Barikisu ke wanke robobin bota.
Mutala, ɗan aji uku, shi ne magatakarda:
ya manna takarda, ya lashi baki,
ya rubuta Litinin, ya rubuta Talata,
Alhamis kullum sai ta rasa harafi ɗaya.
Mu jera su a firizar da na saya da kuɗin adashi,
tsohuwa ce, tana nishi kamar mai naƙuda,
amma ba ta taɓa gazawa.

Ni mai ɗinki ce a Adum.
Kafin in sami mota in iso gida an yi isha'i.
A da, albasa biyu, gawayin sidi biyar,
yau saya, gobe saya,
kuɗi na zuba kamar ruwa a kwando,
yara na gyangyaɗi kafin tuwo ya nuna.
Yanzu roba ɗaya, wuta kaɗan,
kafin in cire mayafi ƙamshi na tasowa.

Inna Azumi ta ce, "Miyar da ta kwana shida
ai gawa ce a ɗakin ajiya."
Ta faɗa, ta sa hannu, ta suɗe kwano,
ta ce ko da saura a tukunya.

Sai daren wata Talata wuta ta ɗauke.
Muka ce yanzu za ta dawo.
Laraba ta wuce. Aka ce injin unguwa ne ya ƙone.
Ran Alhamis na ɗaga murfi,
ƙanƙara na hawaye,
Juma'a da Asabar sun yi laushi a hannuna.
Na zauna bakin ƙofa ina lissafin
roba tara, da gumin yini guda,
duk suna shirin lalacewa.

Na tashi na hura murhun nan uku.
Na ce Mutala, buga kowace ƙofa.
Anti Akosuwa ta zo da bankunta,
Malam Nuhu tela da cokali a aljihu,
Atinga mai gadi, da 'yan mata biyu masu dako
da ke kwana a barandar shago.
Da hasken waya muka ci mako guda a dare ɗaya.
Ina dariya, ina zuba musu,
cikina kuwa yana ƙirga asara,
ba zan ɓoye ba, har da ƙwalla a ɓoye.

Washegari na dawo a gajiye, ba ko albasa.
Na tarar da kwano a rufe bakin ƙofa:
miyar kwakwa ce, da kaguwa biyu a ciki.
Asabar, doya rabi daga Atinga.
Inna Azumi ta dube ni ta gefen ido,
ta ce, "Wannan firizar fa? Wa ke biya mata wuta?"

Lahadi wuta ta dawo, tsohuwa ta kama nishi.
Na sake sauka Kejetiya.
Da yamma ina jera robobi
na ga ɗaya da ban sa a rubuta ba,
hannun Mutala, harafi ɗaya ya ɓace:
Maƙwabta.
Na cika ta har ta ƙi rufuwa.