Mabuɗi a Ƙusa

Ƙarfe biyun dare a Nima,
fanka na tari,
ni da kwamfuta muna kallon-kallo.
Sidi arba'in na zuba a asusun gwaji,
na saki zare biyu su yi aiki tare.
Wannan ya leƙa, ya ga arba'in.
Wancan ya leƙa, ya ga arba'in.
Kowa ya zari talatin ya yi gaba,
allo ya ce saura goma.
Sittin ta fita daga cikin arba'in,
kuma duk cikinsu babu ɓarawo.

Sai gidanmu na Aboabo ya faɗo mini a rai:
ɗaki goma sha huɗu, banɗaki ɗaya,
mabuɗi ɗaure da murfin gwangwanin madara
rataye a ƙusa, ƙofar Kaka Azumi.
Ka ga ƙusa fayau, da mutum a ciki.
Ba ƙwanƙwasawa, ba gyaran murya,
ka aje butarka a layi, ta riƙe maka wuri.

Ranar da Ɗantani ya wuce Kejetia
da mabuɗin a aljihu,
gida ya yi cirko-cirko har azahar.
Ba kowa a ciki,
ba mai shiga.

Wata safiya kuma Baraka ta riga kowa ga mabuɗi,
Inusa ya riga kowa ga bokiti.
Ta ce ba ni, in fito in ba ka.
Ya ce ba ni, in fito in ba ki.
Ruwan zafi ya huce a tsakaninsu,
kowa na da gaskiya, kowa da datti a jika.
Kaka ba ta ɗaga kai daga tsintar wake ba:
daga yau bokiti tukuna, sannan mabuɗi.
Wanda bai da na fari, kada ya taɓa na biyu.

Ita da ba ta taɓa danna madanni ba.

Na kafa ƙusa a cikin lissafina,
na rataya mabuɗi guda.
Wanda ya ɗauka ya ƙirga, ya rubuta, ya mayar,
ko da ya yi tuntuɓe a hanya, ya mayar.
Na sake su.
Na fari ya cire talatin.
Na biyu ya jira, ya shiga, ya tarar da goma,
ya fito hannu rabbana.

Aikin ya ɗan rage gudu.
A waje Maman Sadau ta fara hura wutar koko,
jarkoki sun jeru a bakin famfo,
ba mai su tukuna.