Safar Hannun Labbo

Ni baduku ne, rumfata na Ƙofar Marke.
Shekara talatin ina jan fatar jar akuya,
na san wadda ka riƙe zare, na san wadda ka yagewa.
Ƙwallon unguwarmu in ta fashe, gare ni aka kawo ta,
shi ya sa in gardamar 'yan wasa ta yi tsami
sai a ce, ku tambayi Arzika.

Jabbi ya aje wasa, gwiwa ta ci shi.
Shekara shida shina tsaye bakin ragarmu.
In munka ci ɗaya, saura minti goma a tashi,
sai in ɓare goro, in miƙe ƙafa,
don na san an ja ƙofa, an sa sakata.

To ga wani an ɗauko muna daga Wurno,
Labbo, dogo, wuya kamar na zalɓe.
Modi ɗan ƙanena yaz zo da waya shina haki:
"Kawu, fanareti bakwai ya kama bara,
wasa goma sha ɗaya ba a zura mishi ba!"
Nic ce, wa yab buga su? Da wace ƙafa?
Gaban mutum ashirin, ko gaban dubu masu zagi?
Lissafin waya bai yin zufa, Modi,
kuma ba ya jin gwiwa na kaɗawa.

Ran Laraba na rufe rumfa tun la'asar,
na zauna kan bulo bayan firamare.
Hannu akwai shi, ban musa ba.
An ce ɗan lodin albasa ne,
buhu aka jefo mishi daga ƙasa shina bisa mota,
wanda yas saba da wannan, ƙwallo mi gare ta?
Amma shina fita raga da wuri, kamar mai bin bashi,
kuma sau biyu na gan shi shina duban 'yan kallo.
Ban so wannan ba.

Can sai wani ɗan ƙaramin yaro, Tambari,
yad dungura wata ƙwallo marar ƙarfi,
wadda ko kaza ta iya tarewa,
ta bi tsakanin ƙafafun Labbo, ta kwanta raga.
Yara sunka ɗau ihu: rariya! rariya!
Nan nig gyara zama.
Ba kamu nike zuwa kallo ba, wanga lokaci nike jira.

Bai daka wa 'yan baya tsawa ba.
Bai duba ƙasa ba, wai tudu ya cuce shi.
Ya juya, ya duƙa, ya ɗauko abarsa da kansa,
ya share mata ƙasa da riga,
ya jefa wa Tambari, yac ce, "Ƙara."

Wanshekare sai ga shi bakin rumfata
da safar hannu ta yage wajen babban yatsa.
Na juya ta. Ɗinki huɗu, duk da zaren buhu,
karkatacce, amma an ja shi da gaske.
Kuma ya aje kuɗin tun ban zura allura ba.

Modi na tambaya, 'yan shayi na tambaya,
"To, Arzika, a dogara ko kar a dogara?"
Ku bar ni. Fata ba a sanin ta cikin rini,
sai takalmi ya sha damina guda.
Asabar muna da 'yan Mabera, masu bugu kamar da gayya.
Allah shi ba mu ɗaya, shi kai mu minti tamanin.

Goro dai na saya, fari, babba.
Shina aljihu.
Ban ɓare ba tukuna.