Mai Sauraron Ƙasa

Ƙarfe biyun dare a Iztapalapa,
motoci sun kwanta, karnuka sun gaji da haushi.
Lokacinmu ke nan, ni da Don Eusebio,
shi da sandarsa ta ƙarfe,
ni da taswira a hammata.

Yakan kafa bakin sandar a kan kwalta,
ya kara kunne a ɗaya bakin,
kamar ungozoma a kan cikin wata tara.
"Yi shiru, Itzel," in ji shi,
"ƙasa ba ta son a katse ta."

Ofis ne ya turo ni.
Can a hawa na bakwai muna da allo mai fitilu
da shirin shekara ashirin a takarda mai sheƙi.
Mun rubuta a ciki: kowane gida ya rage wanka,
kowane rufi ya tari ruwan sama,
a sauya bututun da suka girmi iyayenmu.
Ni na tsara shafi na arba'in da ɗaya,
kuma har yau ina alfahari da waƙafinsa.

Kakata takan ce duk nan tafki ne a da,
da kwale-kwale ake kai furanni kasuwa.
Muka zauna a kansa, muka zuƙe shi ta ƙasa,
yanzu birnin yana nitsewa a hankali,
cocin unguwa ya karkata kamar tsoho mai ciwon ƙugu,
bututu kuwa ba ya iya rusunawa,
sai ya tsage.

A lungu na uku muka tarar da Doña Remedios,
zaune kan bokitin da ta kifa,
tana riƙe wa kanta layin tankar asuba.
Kwana tara famfonta bai ce uffan ba.
Na miƙa mata takardarmu ta tattalin ruwa.
Ta duba gaba, ta duba baya, ta yi fifita da ita.
"'Yata," ta ce, "ruwan da na wanke shinkafa
shi ya wanke kwano,
shi ya goge daɓe,
shi zai kora bayan gida.
Sau huɗu nake aikensa kafin in sallame shi.
Wane shafi ne zai koya mini na biyar?"

Ban da amsa. Na gyara zaman taswira.

Taku goma sha biyu daga ƙofarta
Don Eusebio ya tsaya cak.
Kunnensa na hagu ya mutu tun bara,
na daman ma, in ji shi, ya fara sallama.
Ya miƙo mini sandar.
Da farko bugun jinina kawai na ji,
sai wata siririyar ƙara daga can ƙasa,
kamar ana soya albasa a gidan maƙwabta,
kamar mai tsaki da ba ya tsayawa numfashi.

Ruwanta ne.
Kwana tara yana tahowa daga duwatsu masu nisa,
yana zuwa taku goma sha biyu daga tukunyarta,
ya sulale ya koma wa tsohon tafki.

Ruwa na ƙasa, sai ga wanda bai tona ba.

Ya fesa rawayan fenti a wurin,
ya rubuta lamba a littafinsa mai naɗaɗɗun kusurwa:
ɗari uku da sittin da bakwai, a bana.
Na ce, saura nawa?
Ya yi dariya har ya yi tari.
Doña Remedios ta taso, ta tsaya a kan fentin
da silifas ɗinta ƙafa daban-daban,
ta ce ba za ta gusa ba sai masu haƙa sun zo.

Da hantsi na koma hawa na bakwai.
Fitilun allo duk kore ne.
Na buɗe shafi na arba'in da ɗaya,
na daɗe ina kallonsa,
kunnena na dama yana ta soya albasa.