Allon Kyaftin Delmar

Kwana tara iskar arewa ta ɗaure mu a Hatteras,
jirage na fizgar igiya kamar awaki a turke.
Ran na goma Delmar ya tsoma hannu a ruwa,
ya lasa, ya ce: "Afrilu ta farka."

Likitan haƙori daga Ohio ya biya kuɗin yini,
da sandar fatsa mai tsadar gaske.
Ko gaɓa ba ta ɓace ba
ya rungumi bokiti, bai sake shi ba.

Can inda koren ruwa ke miƙa wuya ga shuɗi
tsuntsaye suka dinga faɗowa kamar jifa.
Zare ya yi ƙara.
'Yarsa Marnie, shekara sha uku, ta cafke.
Minti arba'in, tuna na ja, tana ja,
tafinta ya saɓule, ko uffan.

Da yamma ina wanke jini a jirgi,
Delmar ya ɗau alli:
"Ruwa ya yi ɗumi. Tuna huɗu. Iska kaɗan."
Babu sunan yarinyar.
Ita ma ba ta duba ba,
tana mota tana barci,
hannu a naɗe, tana ƙarnin kifi.